Kalmar "flight" da Hijirar Manzon Allah

Da zarar lokacin aikin Hajji ya gabato, daga Nima har Tamale tambaya ɗaya ce a bakin jama'a: "Alhaji, flight ɗinku yaushe ne?" Tashin jirgin sama kowa ke nufi, kuma daidai ne. Bature ma har jerin matakalar bene yana kira da wannan suna.

Amma kalmar tana da wata ma'ana da yaranmu ke cin karo da ita a karatun boko. "Flight" ɗin jirgi daga "fly" ya fito, wato tashi sama. Akwai kuma "flight" na "flee", wato arcewa don tsoro. Da wannan na biyun ne tsofaffin littattafan Turawa da ƙamus da yawa suka fassara Hijirar Manzon Allah (SAW) daga Makka zuwa Madina a shekarar 622.

Ban ce zagi suka nufa ba. Kiristoci ma da ita suke kiran tafiyar Nana Maryamu da Annabi Isa (AS) zuwa Masar. Kuma gaskiya ne Ƙuraishawa sun ƙulla kashe Annabi. Sai dai wanda ya arce ba ya yin shiri irin wannan. An yi mubaya'a sau biyu a Aƙaba da mutanen Yasriba, sahabbai suka riƙa tafiya kaɗan-kaɗan, aka tanadi raƙuma da ɗan jagora, aka kwana uku a kogon Saur, aka bar Sayyidina Ali ya mayar wa mutane ajiyarsu. Larabci na da kalmar gudu, "firar". "Hijra" kuwa rabuwa ce da wuri, ƙaura da niyya. Shi ya sa a zamanin Sayyidina Umar aka fara ƙirga shekara daga gare ta.

Don haka ina roƙon malamanmu masu koyar da darasin RME, da na makarantun Islamiyya a zango, su riƙa cewa "migration". Idan yaro ya ga "flight" a littafi, a tsaya a warware masa ma'anonin biyu, kar ya tafi da hoton Annabi yana gudu.

Mu ma fa sai mu kula da bakinmu. Hausa ta haɗa kalmomin biyu ta ce "gudun hijira". Wannan ya dace da bayin Allah da rikici ya koro daga Burkina Faso zuwa yankin Bawku, amma na sha jin masu wa'azi a masallatanmu suna cewa Annabi ya yi "gudun hijira", kuma babu wanda ya gyara musu.