Ba duk koren da ke saman kududdufi ne kainuwa ba

Kai da ke kiwon tarwaɗa ko kaji a bayan gida, na san ka ci karo da irin bidiyon nan a TikTok: mutum ya kwaso wani koren abu daga saman ruwa yana cewa ga abincin dabbobi kyauta. Wannan ya ce kainuwa ce, wancan ya ce gansakuka. Kafin ka ɗauki bokiti, tsaya ka san abin da za ka ɗebo.

Kainuwar da muka sani, wadda ake wa kirari da dashen Allah, babba ce, ganyenta a jere kamar latas, da ɗan gashi-gashi. Gansakuka kuwa ba ta da ganye ko kaɗan, kauri ne mai santsi ko zare-zare, wani irinta ma yana da guba.

Abin da ke cikin bidiyon shi ne Lemna. Ɗauki ɗaya ka ɗora a tafin hannu: ɗan ganye ne bai fi ƙwayar riɗi ba, da saiwa guda ɗaya tak a ƙasansa. In ka ga saiwoyi da yawa, bayan ganyen kuma ya yi ja-ja, wannan Spirodela ce. In babu saiwa sam, ƙanana kamar tsaki, Wolffia ke nan. A ƙasashen sanyi Lemna minor aka fi gani, a yankinmu mai zafi kuwa 'yar'uwarta Lemna aequinoctialis ta fi yawa.

Ba ta son ruwa mai gudu. Kududdufi, fadama, gonar shinkafa, duk inda ruwa ya kwanta kuma taki ya wadata, nan take zama, tana iya ninka kanta cikin kwana 2 zuwa 3.

Nan ne matsalata da masu bidiyon. Gaskiya tana da sinadarin gina jiki, amma fiye da kashi 90 cikin 100 na ɗanyarta ruwa ne, ba za ta maye maka buhun abinci ba. Kuma tana tsotse dalma da sauran dattin da ke cikin ruwa. Ka ɗebo daga kududdufin da kwatar unguwa ke zuba, ka ba kifi, gobe ka sayar wa maƙwabcinka? Haba!

Samo ɗan iri, ka wanke, ka rene shi a baho da ruwa mai tsabta da ɗan taki. Kada kuma ka bari ta rufe saman tafkin kifinka gaba ɗaya, domin tana tare haske, iskar da kifi ke shaƙa ta ragu.