Kafin duron ya faɗo a kan ɗan wani

Mai karatu, in kana bin finafinanmu na 'yan shekarun nan, musamman masu dogon zango da ake sakawa a YouTube, ka san yadda kusan kowanne yake buɗewa: ga gari daga sama, rufin kwano jere reras, motoci a kan gada kamar tururuwa. Wannan aikin duron ne, ɗan ƙaramin jirgin nan maras matuƙi mai ɗauke da kyamara. Ni ban ƙi shi ba. Hoton da a da sai an yi hayar helikwafta, yau yaro ɗaya da jaka a baya zai ɗauko maka shi kafin la'asar. Abin da na ƙi, kuma nake so kai ma ka ƙi, shi ne a bar kowane kare da doki yana tayar da wannan na'ura a kan kawunan jama'a, darakta ne, mai hoton biki ne, ko yaron ɗan siyasa.

Ka duba da kyau a filin Idi, a hawan Sallah, a zagayen Maulidi, a gangamin siyasa, har a wajen kamun amarya. Za ka ji wani zuuu kamar na ƙudan zuma, ka ɗaga kai ka gan shi yana shawagi daidai kan yara da tsofaffi. Wa ya ba mai shi izini? Wa ya gwada shi ya ga ya iya? In abin ya faɗo, wa za a kama? Ba mai tambaya. Sai ma ɗaga hannu da ake yi ana murmushi don a fito a hoto.

To bari ka ji abin da kake wa murmushi. Samfurin Phantom 4 na kamfanin DJI nauyinsa ya kusa kilo ɗaya da rabi, manyan da ake aikin fim da su kuwa sun haura kilo 3. Fukafukai huɗu gare shi, kowanne yana juyawa sau dubbai a minti ɗaya, ga kaifi. Batirinsa wajen rabin awa yake yi, kuma irin batirin nan ne da yake iya kamawa da wuta in ya fashe. Idan sadarwa ta katse tsakaninsa da mai riƙe da rimot, yakan juya da kansa ya nufi inda ya taso, a garin da ko'ina wayar lantarki ce da turakun kamfanonin waya. Ko shirwa ma tana kai masa bara. Yanzu ka ƙiyasta dutse mai wannan nauyi ya sulluɓo daga saman bene mai hawa goma a kan jaririn da ke goye.

Kada ka ce tsoratarwa ce irin ta masu sharhi. A 2015, a birnin Tijuana na ƙasar Meziko, mawaƙin nan Enrique Iglesias ya kai hannu ga duron a tsakiyar wasa, ya yanke masa yatsu, sai da aka yi masa aiki. A Disambar wannan shekara dai, a Italiya, wani duron na masu ɗaukar talabijin ya faɗo ya tarwatse dab da bayan ɗan wasan zamiyar ƙanƙara Marcel Hirscher yana tsaka da gudu, duniya tana kallo kai tsaye. A Disambar 2024 kuma, a birnin Orlando na Amurka, jiragen da ake wasan fitilu da su suka yi karo a sama suka zubo cikin 'yan kallo, ɗaya ya bugi wani yaro ɗan shekara 7 a ƙirji, sai da aka yi masa tiyatar zuciya. Waɗannan fa ƙwararru ne da kayan aiki na gani na faɗa. Ina ga namu, wanda ya sayi na hannu jiya, ya koya a waya da daddare, gari ya waye ya karɓi aikin biki?

Mu kuma muna da abin da ya fi nasu haɗari: doki. Hawan Kano dai tun Disambar 2024 UNESCO ta saka shi cikin al'adun duniya da ake alfahari da su, kuma kowa yana son hotonsa, haka na Katsina, Zazzau da Daura. Amma duk wanda ya san doki ya san ba ya son baƙon sauti a kansa. Ingarma ɗaya ya firgita a wajen jafi, ga mutane maƙil hagu da dama, ai ba a magana. Sannan kar mu manta, tun daren da jirgin soja maras matuƙi ya kashe masu Maulidi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna a Disambar 2023, sunan nan kansa yana faɗar wa mutane da gaba. Mutum ɗaya ya yi ihu a cikin taro, turereniya ta gama sauran aikin.

Doka fa akwai. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta ce kada wanda ya tayar da duron sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Kyakkyawar magana a takarda. Amma dokar da take zaune a Abuja, mai hoton biki yana Kurna ko Tudun Wada, ai kura ce da ɗan akuya ba su haɗu ba. A Tarayyar Turai ƙa'idar a taƙaice take, yaro ma zai haddace: mai ƙaramin duron ba ya wuce mita 120 a sama, kuma ba ya bi ta kan taron mutane sai da izini na musamman. Shi ke nan.

Na san abin da za a ce. "Ai ƙaddara ce." Haka ne, amma raƙumi ma an ce ka ɗaure shi sannan ka yi tawakkali. "Za a kashe wa matasa sana'a." Wallahi akasin haka ne. Abin da zai kashe ta shi ne ranar da duron zai fasa kan ɗan wani babba. Ko mun manta 2007, lokacin da abin kunyar da ya shafi mutum ɗaya ya ja aka dakatar da shirin fim a Kano wata shida, furodusa da mai shayin lokeshin duk suka kwana da yunwa? Wake ɗaya ke ɓata gari. Mahukuntanmu in suka fusata ba sa tsara abu, hana shi suke yi ɗungurungum.

Don haka ga abin da nake kira a yi, tun icen yana ɗanye. A haramta tashi daidai kan taro, ba sani ba sabo. Mai son hoton hawa ya tsaya a gefe ya janyo da kyamararsa, hoton ma ya fi kyau daga gefe, kowane mai ɗaukar hoto na ƙwarai ya san haka. A yi wa kowane duron rajista da lamba a jikinsa kamar babur. A gwada mai tuƙin kafin a ba shi kati. A kawo teburin rajistar Kano da Kaduna, kuɗin kuma ya zama wanda yaro mai neman na kansa zai iya biya, don dokar da ta yi tsada cin hanci kawai take haifarwa. Wanda ya shirya taro shi zai sa hannu, shi zai ɗauki alhaki. A lokeshin kuwa, in ana son taron mutane a fim, a killace wuri, a gaya wa 'yan rakiya abin da zai bi ta kansu.

Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda tun 2001 take auna mana tsawon riga da mayafi, da ƙungiyar MOPPAN, ga aiki ya same ku. Ku zauna da NCAA da 'yan sanda da fada. Kai kuma mai karatu, in bikin gidanku ya zo, ka tambayi mai hoto ta ina jirginsa zai bi. In ya ce ta kan mata da yara, ka ce masa ya mayar da shi jaka. Hoto ana sake ɗauka, ido kuwa in ya tsiyaye ya tafi ke nan.