Kafin Ku Tafi Nyos, Ku Tsaya a Bakolori

Wani matashin darakta ya nemi in haɗa masa farin hayaƙi a kwamfuta. Fim yake son yi a kan tafkin Nyos na Kamaru, inda a daren 21 ga Agusta 1986 iskar da ta taru a ƙarƙashin ruwa ta ɓalle, ta bi kwari, ta shaƙe mutum sama da 1,700 da dabbobi kimanin 3,500. Na tambaye shi ko ya san abin da ya faru a Bakolori. Ɗan Talata Mafara ne, amma ya yi shiru.

Mutanen Nyos sun cancanci fim, cikinsu har da Fulani makiyaya. Abin da nake zargi shi ne dalilin zaɓen. Labarin Nyos yana da sauƙi domin babu wanda za a tuhuma. Iska ba ta da 'ya'ya a gwamnati, ba ta kai ƙara kotu. A yi kuka, a ce ƙaddara, a watse.

Bakolori kuwa da hannun mutum aka yi. Kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar a kan kogin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978. Ruwa ya cinye gidaje da gonaki, manoman Maradun, Mafara da Bakura suka yi ta jiran diyya, da suka gaji suka tare hanyoyi. A Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta ce mamatan ba su kai 30 ba, wasu masu bincike suka ƙirga sama da 380. Tazarar da ke tsakanin alƙaluman nan biyu ita kaɗai ta isa fim.

Za a ce babu kuɗi. Hayaƙin da aka nemi in haɗa ya fi tsada. Kyamara ɗaya da kuɗin mota zuwa Birnin Tudu sun isa a fara. Za a ce tone-tone ne, a bar kaza cikin gashinta. Wa rufin ya amfana?

A sana'armu, bayanin da ke kan na'ura ɗaya tak, ba kwafi, a bakin ɓata yake. Wanda yake ɗan 20 a ranar harbin yanzu ya haura 60. Kowace jana'iza a ƙauyukan nan tana tafiya da abin da ba a naɗa ba.

Na gaya wa daraktan: hayaƙi da kuɗi zan yi masa. In ya naɗo muryoyin dattawan Bakolori, zan gina musu rumbun ajiya a intanet kyauta.