Tiga Ma Tana Bukatar Fitila

'Yan uwana ɗalibai da malamanmu, da yawa daga cikinmu ba mu taɓa ganin teku ba, amma akwai darasin da ya kamata mu ɗauko daga bakinsa.

A gaɓar birnin Iskandariya na ƙasar Masar, a da akwai wani ɗan tsibiri mai suna Faros. Wajen shekara 280 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka gina wata hasumiya a kansa, mai tsawo fiye da mita 100, wato ta ninka Hasumiyar Gobarau ta Katsina sau shida da ɗoriya. Hawa uku gare ta: na ƙasa mai kusurwa huɗu, na tsakiya mai kusurwa takwas, na sama kuma zagayayye. A ƙolinta ake hura wuta da dare, matuƙan jiragen ruwa su hango ta daga nesa su gane hanyar tasha, su kauce wa duwatsu. Ta haura shekara dubu tana wannan aiki kafin girgizar ƙasa ta ci ƙarfinta. Da Ibn Battuta ya koma wurin a 1349, ya tarar ta rushe har ba ta shiguwa.

To, ina ruwanmu da ita? Madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako, tana nan kusa da mu. Iyayenmu masunta kan shiga ruwa da asuba ko su kai dare, wani lokaci cikin hazon hunturu, ba abin da ke nuna musu gaɓa sai tocila. Ba mu manta da hatsarin Bagwai na 2021 ba, inda kwalekwale ya kife da fasinjoji, akasarinsu ɗaliban Islamiyya.

Wani zai ce fitila ba ta hana lodi fiye da kima. Gaskiya ne. Shi ya sa muke roƙon abu biyu: rigunan kariya ga duk mai shiga kwalekwale, da doguwar fitilar sola a kowace mashiga. Wannan bai fi ƙarfin ƙananan hukumominmu ba, tunda irinta ake kafawa a bakin titi.

Mu kuma ɗalibai, kada mu shiga kwalekwalen da ya cika, ko wanda zai tashi bayan magariba. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya tsare mu, amin.