Idon Raga da Makomar Kifi: Darasi Daga Masu Kamun Tuna Ga Masuntan Funtuwa da Malumfashi

Sanin kowa ne cewa a ƙasar Funtuwa da Malumfashi babu manomin kirki da zai ɗebi irin masarar da ya ajiye domin shuka ya kai wa mai niƙa, komai tsananin bazara. Wanda ya yi haka ya ci tuwon dare ɗaya, ya sayar da damina guda. Abin mamaki shi ne, wannan hankali da ake amfani da shi a rumbu, sau da yawa akan manta da shi a bakin ruwa. Duk mai zuwa kasuwannin wannan yanki yakan ga farantai cike da 'yan ƙananan karfasa da ba su wuce tsawon yatsa ba, an soya su ana sayarwa kashi-kashi. Waɗannan 'yan kifaye su ne irin shuka na madatsun ruwa irin su Mairuwa da Gwaigwaye da dam ɗin Malumfashi.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, zaɓen kayan su ba ƙaramin al'amari ba ne da za a bar wa mai sayar da raga da aljihun masunci su kaɗai. Kayan aikin da aka jefa cikin ruwa su ke yanke hukuncin kifin da zai mutu da wanda zai rayu ya hayayyafa. Domin fahimtar haka, yana da kyau a leƙa wata sana'ar su da ake yi nesa da ƙasar Katsina, can a tsakiyar teku, inda ake farautar wani ƙaton kifi mai suna tuna.

Kifin tuna da yadda ake kama shi

Yawancin mutanen Arewa ba su taɓa ganin tuna ba sai dai yankakke a cikin gwangwani. Kifi ne na ruwan gishiri, mai siffar harsashi, wanda ba ya daina iyo dare da rana, domin sai ruwa na ratsa bakinsa yake samun iskar shaƙa. Jinsinsa mafi girma shi ne mai shuɗin baya na Tekun Atlantika. A shekarar 1979 an kama wani a gaɓar Kanada mai nauyin kilo 679, wato ya fi babban bijimi nauyi. Wani abin al'ajabi game da shi kuma shi ne, saɓanin yawancin kifaye, jikinsa ya fi ruwan da yake ciki ɗumi, saboda wani tsari na jijiyoyin jini da ke hana zafin tsokarsa tserewa. Wannan ne ke ba shi ƙarfi da gudu. Darajarsa kuwa ba a magana: a watan Janairu na 2019 an sayar da guda ɗaya mai kilo 278, daga danginsa na Tekun Fasifik, a kan yen miliyan 333.6 a kasuwar kifi ta Tokiyo a ƙasar Japan.

Daga cikin hanyoyin kama shi akwai wadda ta yi kama da fatsa, sai dai ba a sa tana ko wani abinci a ƙugiya. Ana amfani da wani dogon ƙarfe mai sheƙi da aka ƙera da siffar ƙaramin kifi, wanda za a iya kira ƙarfen ruɗi. Masunci zai fita da jirgi, ya nemo ayarin kifin da na'urar da ke aika sauti ƙarƙashin ruwa tana sauraren amsa-kuwwarsa, sannan ya saki ƙarfen ya nutse har zurfin da kifin yake, wani lokaci fiye da mita 100. Daga nan sai ya riƙa fizgo shi sama yana saki, ƙarfen na walƙiya yana karkarwa kamar kifin da ya ji rauni. Tuna ya gani, ya kai masa cafka, ƙugiya ta kama shi.

Abin lura a nan shi ne irin lissafin da wannan masunci ke yi kafin ya bar gaɓa. Nauyin ƙarfen, wanda kan kai giram 200 zuwa 400, ya danganta ne da zurfin ruwa da ƙarfin igiyarsa: mara nauyi ruwa zai janye shi gefe bai kai ƙasa ba. Zaren da ake ɗaurawa saƙaƙƙe ne, siriri, ba ya miƙewa kamar roba, domin motsin hannu ya isa ga ƙarfen kai tsaye. A ƙarshensa akan ƙulla wani guntun zare mai kauri, garai-garai, wanda kifi ba ya gani sosai, kuma yana jure goga. Abin naɗe zaren yana da birki da ake saitawa a kan kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙarfin zaren, ta yadda in kifi ya ja da ƙarfi zare zai warware maimakon ya tsinke. A taƙaice, kowane ɓangare na kayan an auna shi da kifin da ake nema. Saboda girman ƙarfen da ƙugiyar, akasari kifin da ya girma ne ke kamuwa, ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda bai kai ba ana iya mayar da shi ruwa.

Yadda tuna ya kusa ƙarewa

Masu fatsa ba su ne suka kusa ƙarar da tuna ba. Ɓarnar ta fito ne musamman daga manyan jirage masu taru da ke kewaye ayari guda su zuge gindinsa kamar bakin jaka, su kwashe babba da yaro, har da iyaye da suka taru domin saka ƙwai a tekun Bahar Rum. Hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da tuna a Tekun Atlantika, wato ICCAT, wadda aka rattaba hannu kan yarjejeniyar kafa ta a 1966, ta ƙayyade tan 29,500 a matsayin abin da za a kama a gabashin tekun a 2007. Amma masananta sun ƙiyasta cewa abin da aka kama a wannan shekara ya kai wajen tan 61,000, ninki biyu ke nan. Kifin ya yi ƙaranci har aka kai maganar hana cinikinsa tsakanin ƙasashe gaban wani babban taro a birnin Doha a 2010, ko da yake shawarar ba ta samu rinjaye ba.

Da uwar bari ta gabato, sai aka ɗauki matakai masu ɗaci. Aka hana kama wanda bai kai kilo 30 ba, in ban da wasu 'yan keɓaɓɓun wurare, domin a gabashin Atlantika kifin yakan fara haihuwa ne yana da kimanin shekara 4. Aka taƙaita lokacin jefa taru, aka rage yawan jirage, aka sa masu sa ido a cikinsu, aka kuma zaftare kason kamu zuwa tan 12,900 a 2011. Sakamakon ya fito fili. A 2021 ƙungiyar IUCN, mai ajiye jerin halittun da ke cikin haɗari, ta cire wannan kifi daga sahun masu fuskantar ƙarewa, kuma kason kamu ya koma tan 40,570 a shekara daga 2023 zuwa 2025. Masuntan da suka yi kukan asara a farko su ne suka ci ribar haƙurin.

Lissafin idon kalli

To, mene ne haɗin wannan da masuncin Mairuwa da gorarsa ko ɗan kwale-kwalensa? Haɗin shi ne, dokar halitta ɗaya ce a teku da dam. Kalli, wato ragar da ake shimfiɗawa a tsaye cikin ruwa a bar ta ta kwana, tana zaɓen kifi kamar yadda ƙugiyar mai tuna ke yi. Kifi yakan tura kansa cikin idon ragar. In ya yi ƙanƙanta ya wuce abinsa, in ya yi girma ainun kansa ba zai shiga ba, in kuwa kaurinsa ya yi daidai da idon sai zare ya maƙale masa a bayan marfin kunne. Ke nan faɗin ido shi ke faɗin girman kifin da za a samu.

Dokar Kamun Kifi a Ruwayen Cikin Ƙasa, mai lamba 108 ta 1992, ta hana amfani da ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato inci 3, in an miƙe shi, sai a wasu keɓaɓɓun ayyuka. Ɗalibi zai iya yin lissafin da kansa. Idon raga gefe huɗu gare shi, kuma miƙaƙƙen ido tsawon gefe biyu ne. Saboda haka kowane gefe milimita 38 ne, kewayen idon kuma milimita 152. Duk kifin da kewayen jikinsa bai kai kusan santimita 15 ba zai sulale ya fice. Gidan sauro kuwa, wanda wasu ke mayarwa taru, idonsa an yi shi ne domin tare sauro, don haka hatta 'ya'yan kifin da aka ƙyanƙyashe jiya ba sa tsira.

Akwai wani lissafin da ya kamata kowane masunci ya sani. Nauyin kifi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da tsawonsa. Idan tsawo ya ninka biyu, nauyi yakan ninka kusan takwas, domin kifin ya ƙaru ta tsawo da faɗi da kauri. Karfasa mai giram 25 da aka bari tsawonta ya ninka za ta kai wajen giram 200. Kilo guda na ƙananan rai 40 ne, na manyan kuwa rai 5. Bugu da ƙari, babbar mace ta fi ƙarama yawan ƙwai nesa ba kusa ba. Karfasa irin ta kogin Nilu ma a cikin bakinta take renon ƙwanta da 'ya'yanta, tana azumi har su yi wayo, don haka wanda ya kama uwa a wannan hali ya hallaka ɗaruruwa a lokaci guda. Tarwaɗa kuma da faɗuwar damina take haurawa cikin ciyayin da ruwa ya malale domin saka ƙwai, lokacin da ta fi sauƙin kamawa, kuma lokacin da kama ta ya fi ɓarna.

Mafi muni duka shi ne su da guba. A da akwai masu daka ganyen majimfa su zuba a kududdufi. Daga baya sai maganin ƙwari na gona ya maye gurbinsa, kuma Gamalin 20 ya yi ƙaurin suna a wannan aika-aika. Sinadarin da ke cikinsa, lindan, yana daɗewa a ruwa da kitsen jiki, shi ya sa aka sa shi cikin jerin haramtattu na Yarjejeniyar Istokholm a 2009. A yankin da ake noman auduga da masara, inda kusan kowane gida ke da kwalbar maganin feshi, wannan haɗari a bakin ƙofa yake. Dokar 1992 ta haramta su da guba ko nakiya ko lantarki. Kada kuma a manta cewa an gina waɗannan madatsu ne musamman domin ruwan sha da noman rani, kuma kogin Sakkwato kansa daga kusa da Funtuwa ya taso.

Uzurin da ake bayarwa

Wani zai ce, mai yunwa ba ya jiran kifi ya girma, kuma in wannan ya bari wancan zai kwashe. Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ce dalilin da ya sa wa'azi ga masunci ɗaya ba zai wadatar ba. Ruwan da kowa ke kamu a ciki, sai kowa ya haƙura tare haƙurin ke da amfani. Wani kuma zai ce karfasa in ta yi cunkoso takan tsumbure, ta riƙa haihuwa tana ƙarama, don haka rage ta alheri ne. Wannan yakan faru a ƙaramin tafkin kiwo da babu kifi mai cin kifi. Amma a dam, kwashe manya da raga tare da ƙarar da tarwaɗa da sauran masu farauta shi ke barin ruwa a hannun tsumburarru. Ƙaramin ido ba ya maganin wannan ciwo, ƙara shi yake yi.

Ba kuwa sai an je Turai za a ga amfanin haƙuri ba. A Argungu, inda aka fara bikin kamun kifi a tsarinsa na yanzu a 1934, ana hana su a Matan Fada har sai ranar biki, ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa. Ranar da aka buɗe, da koma da gora kawai ake fito da giwan ruwa da sai ƙarti sun taru suke ɗaga ta. Hutun da aka ba ruwan ne ya rene ta.

Abin da ya kamata a yi

Da farko, doka ta sauko daga takarda zuwa bakin ruwa, ta hannun sarakunan ruwa da masu unguwanni, waɗanda suka san kowane masunci da sunansa, tare da jami'an kula da kifi na jiha. Na biyu, a fara da mai sayar da raga, domin ya fi sauƙi a auna dami a rumfar kasuwa da a bi kwale-kwale da dare. Na uku, kada a ƙwace raga a bar mutum hannu rabbana. A yi musaya, ya kawo mai ƙaramin ido a ba shi ta ƙa'ida a farashi mai rangwame, ta hannun ƙungiyar masunta. Na huɗu, a amince da hutun su a farkon damina, lokacin da galibin masuntan yankin ma suna gona, a kuma keɓe wani lungu mai ciyayi a kowane dam inda ba a jefa komai ko da yaushe.

Makarantu ma suna da rawar takawa. Malamin ilimin halittu ba ya buƙatar ɗakin gwaji mai tsada: rula da ƙaramin sikeli da littafin rubutu sun isa. Ɗalibai su riƙa zuwa bakin dam ko kasuwa sau ɗaya a wata, da izinin masu kaya, su auna tsawo da nauyin kifi 30, su rubuta jinsinsa da irin ragar da ta kama shi. In aka yi shekara uku ana haka, makarantar za ta mallaki bayanin da zai nuna ko kifin dam ɗin yana girma ko yana ƙanƙancewa, kuma wannan hujja ce da za a iya ajiyewa gaban hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma. Da yawa daga cikin ɗaliban nan 'ya'yan masunta ne ko maƙwabtansu, kuma abin da yaro ya auna da hannunsa ya fi saurin shiga gida.

Hausawa na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Teku da duk faɗinsa ya kusa rasa tuna, sai da aka auna kayan kamu aka kuma ba shi lokaci sannan ya farfaɗo. Dam ɗin da ake hango wancan bakinsa daga wannan ba zai jure abin da teku ya kasa jurewa ba. Sai dai karfasa da tarwaɗa suna saurin balaga, don haka ribar gyara ba za ta daɗe ba ta bayyana. Abin da ya rage shi ne masunta da shugabanninsu su zauna su amince da faɗin ido ɗaya, kafin damina mai zuwa.