Nunin tufafi ta intanet: abin da masu sana'ar ƙasar Kurfai za su ɗauka, da abin da za su bari

A ƴan shekarun nan manyan gidajen ɗinki na duniya sun fito da wata dabara ta talla. A da, sukan buga hoton riga a jarida, su rubuta kuɗinta, su jira mai saye. Yanzu kuwa biki suke shiryawa, su gayyaci jama'a, su nuna musu yadda aka yanka rigar da yadda aka ɗinka ta, a ba su labarinta, su yi tambaya a ba su amsa, har mutum ya ji kamar da shi aka yi aikin. Ana iya kiran wannan dabara tallar ɗanɗanawa, domin ana ɗanɗana wa mutum kaya kafin ya kwance bakin aljihunsa. Wani lokaci a fili ake yin bikin, wani lokaci kuma ta intanet, kowa yana kallo a wayarsa ta salula ko a kwamfuta. Abin tambaya shi ne, ina amfanin wannan ga telan Filinge, da badukun Bonkuku, da matan da ke saƙar tabarmar kaba a cikin Dallol Boso?

Amsar ita ce akwai amfani, kuma mai yawa, amma da sharaɗi: sai nunin ya kai wa mai saye abin da kasuwa take ba shi, wato gani da ido, da taɓawa da hannu, da sanin wanda ya yi kayan.

Yadda abin ya faro

A shekarar 2020, sa'ad da annobar korona ta hana taro, sai manyan bukukuwan nunin tufafi suka koma intanet. Na birnin Shangai a ƙasar Sin ya yi haka a watan Maris, na Landan a watan Yuni, na Paris kuma a watan Yuli. A watan Mayu na wannan shekara wata mai tsara tufafi ƴar asalin Kwango mazauniyar Amurka, Anifa Mvuemba, ta nuna ɗinkin gidanta mai suna Hanifa a dandalin Instagram. Ba ta ɗauko ƴan mata masu yawo da kaya ba. Da kwamfuta aka zana rigunan, aka sa su tafiya su kaɗai kamar akwai mutum a ciki. Kafin rigunan su fito, sai da ta nuna ɗan gajeren fim a kan wahalar masu haƙar ma'adinai a Kwango. Labarin wannan nuni ya gama duniya, ba domin dabarar kwamfuta kaɗai ba, har da domin masu kallo sun san daga ina mai kayan ta fito, da abin da ke damunta.

Daga baya waɗansu gidaje suka zarce da abin. A watan Maris na 2022 aka yi makon nunin tufafi a wani dandali mai suna Decentraland, inda komai zanen kwamfuta ne: da zauren, da ƴan kallon, har da waɗansu rigunan da ake sayarwa, waɗanda ba a iya sa su a jiki. Gidaje irin su Dolce & Gabbana da Tommy Hilfiger sun shiga. A wannan karo mutum wajen 108,000 suka leƙa. Da aka sake yi a 2023, sai adadin ya sauka zuwa wajen 26,000. A wannan tsakani kuwa manyan gidajen Paris da Milan sun riga sun koma nuni a fili, gaban jama'a, suna haɗawa da watsa shi ta intanet. Darasin a bayyane yake. Tufa abin sawa ce a jiki, kuma ba a daɗe ana cinikin biri a sama.

Abin ba baƙo ba ne a ƙasar Nijar

Wanda ya ce tallar ɗanɗanawa sabon abu ne bai lura da dillaliya ba. Tun kaka da kakanni dillaliya take shiga gida gida da ƙunshinta. Takan kwance shi a tsakar gida, uwargida ta ɗaga zane ta duba a rana, ta murza bakinsa ta ga ko zai zuba, ta ɗaura ta taka, maƙwabta su faɗi ra'ayinsu. Dillaliya ta san wanda ya saƙa, ta san wanda ya rina, idan kuma kaya suka yi aibi an san ƙofar gidanta. Haka nan ranar kasuwa a Filinge ko a Balleyara: mai sayen takalmi yakan sa ƙafarsa ciki, mai sayen bargo yakan shimfiɗa shi ya ƙirga ƙwaryoyinsa, a yi tayi, a yi albarka, a sallama gaban shaidu.

A babban mataki ma ƙasar Nijar ta riga ƙasashe da yawa. A watan Nuwamba na 1998 Alphadi ya buɗe bikin FIMA a Tigidit, cikin sahara kusa da Agadas. Ya ɗauko baƙi daga Turai da sauran ƙasashen Afirka ya kai su inda ake ƙera azurfa, ake jima, ake rini. Wanda ya kwana a wannan jeji, ya ga maƙeri a bakin aikinsa, ba zai sake kallon sarƙar Agadas kamar kayan tebur ba. Haka kuma bajekolin SAFEM na birnin Yamai yakan tara mata masu sana'ar hannu daga jahohin ƙasa da ƙasashen maƙwabta, kuma a gidan tarihi na Bubu Hama da ƙauyen masu sana'a na Wadata mai saye yana ganin mai aiki yana aikinsa.

Sai dai tarihin FIMA ya koyar da abu biyu. Na ɗaya, a shekarar 2000, da aka kawo bikin Yamai, ƙungiyoyin addini sun yi zanga-zanga a Yamai da Maraɗi, suna ganin irin shigar da ake nunawa ta saɓa wa tarbiyya. Na biyu, a 2015 an ɗage bikin saboda matsalar tsaro. Wato nuni yana bukatar yardar jama'ar wurin, kuma taro a fili yana iya tsayawa rana ɗaya.

Abin da ya sa maganar ta shafi Kurfai

Tsakanin Filinge da Yamai tafiyar wajen kilomita 180 ce. A lokacin kwanciyar hankali wannan ba nisa ba ne. Amma tun 2017 aka fara kafa dokar ta-ɓaci a waɗansu sassa na jahar Tilaberi, kuma a farkon 2020 aka hana hawan babur a wurare da yawa na jahar. Duk wanda ya san ƙauye ya san abin da babur yake ɗauka: shi ke kai ɗinki, shi ke kawo zare da shadda, shi ke kai mai saye kasuwa. Idan hanya ta yi wuya, baƙi sukan daina zuwa, fatake su rage tafiya, mai sana'a ya zauna da kayansa. A gefe guda kuma ga gwanjo da ɗinkakkun kaya na ƙasashen waje masu araha sun cika kasuwanni. Saurayin da ya koyi ɗinki shekara uku, in bai sami mai kawo aiki ba sai dab da salla, ƙarshensa ya rufe keke ya tafi cin rani.

Amma kuma wannan cin ranin da ya ɗebe samari shi ne ya buɗe wata kasuwa. Kurfayawa suna nan a Yamai, da biranen Najeriya, da Kwatanu, da Akara, da Abijan, da ƙasashen Larabawa. Suna aure, suna suna, suna salla, kuma suna son kayan gida. Waɗannan su ne ƴan kallo na farko, ba attajiran Paris ba. Sun san harshen, sun san dangin mai ɗinki, akwai amana tun kafin a fara ciniki.

Yadda ya kamata a shirya nunin

Da farko, a haɗa kai. Tela ɗaya ba zai iya sayen waya mai kyau, da faifan hasken rana, da kuɗin intanet ba, kuma kayansa kaɗai ba za su tara ƴan kallo ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ƙungiyar teloli, da ta dukawa, da ta mata masu saƙa, in sun haɗu, suna iya tsai da rana, misali wata ɗaya kafin ƙaramar salla da wata ɗaya kafin babbar salla, su yi shela tun da wuri ta gidan rediyo da ƙungiyoyin WhatsApp na ƴan gari.

Na biyu, a nuna aikin, ba kayan kaɗai ba. Mai kallo ya ga fata tun tana majema, ya ga baduku yana yanka yana ɗinki, ya ga mai surfani yana bin zane da allura. A juya riga a nuna cikinta, a ja ɗinki a ga ƙarfinsa, a jiƙa bakin ƙyalle a ga ko rinin zai zuba. A bar masu kallo su yi tambaya, mai aikin ya amsa da bakinsa, da Hausa ko Zabarmanci ko Buzanci. Gani ya kori ji.

Na uku, a samar da wurin taɓawa. Wannan shi ne abin da manyan gidaje suka gano bayan 2020. Ana iya aika samfurin kowane kaya zuwa wata rumfa a Yamai, a lokacin SAFEM ko a shagon wani ɗan gari amintacce, a kafa allo, mai saye yana riƙe da takalmi a hannu yana magana da wanda ya ɗinka shi a Filinge. Ƙasar Nijar ta san irin wannan tsari. Ƙungiyoyin masu sauraron rediyo da aka kafa a farkon shekarun 1960, da telebijin na makaranta da aka fara a 1964, duk a kan haka suka tsaya: jama'a su taru wuri ɗaya, na'ura ta kawo magana daga nesa, wani mutum a wurin ya yi jagora.

Na huɗu, gaskiya. Hoto yana iya ƙara wa launi haske, ya ɓoye karkataccen ɗinki. Wanda ya nuna shadda mai kyau ya aika da ta banza ya ci riba sau ɗaya, ya ɓata sunan gari gaba ɗaya. Saboda haka ƙungiya ta naɗa dattawan sana'a su duba kowane kaya kafin a ɗaure shi, a faɗi kuɗi a fili, a faɗi ranar da kaya za su isa, a kuma yarda da mayarwa in an sami aibi. Kamfanonin aika kuɗi da motocin sufuri suna nan, abin da ya rage shi ne cika alkawari.

Na biyar, mutunci. Ba dole ba ne a kwaikwayi shigar wata ƙasa ko a sa ƴan mata yawo gaban na'ura. Nunin Hanifa ya tabbatar da cewa ana iya nuna riga ba tare da an nuna jikin kowa ba. Macen da ba ta son a ga fuskarta, a nuna hannunta da aikinta, in ta yarda. A sanar da sarakuna da malamai tun kafin a fara, domin a guje wa irin abin da ya faru a 2000.

Haɗarin da ke ciki

Abin da aka sa a intanet kowa yana iya ɗauka. Mai masana'anta a wata ƙasa yana iya ganin zanen wata jaka, ya buga dubu da roba, ya dawo da su kasuwa da rabin kuɗi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Maganin wannan shi ne suna da alama. Ƙasar Nijar ta riga ta yi wa waɗansu kayanta rajista a hukumar OAPI da ke Yawunde: kilishi, da albasar Galmi, da cuku, da fatar jar akuyar Maraɗi. Mutanen Kurfai sun san darajar suna, domin cukun Tukunus sunan garin ne ke sayar da shi. Abin da aka yi wa cuku ana iya nema wa saƙa da dukanci. Kafin nan, kowane kaya ya fita da takarda mai ɗauke da sunan ƙungiya, da sunan gari, da sunan wanda ya yi shi.

A nan ne aikin waɗanda suka yi karatun yaƙi da jahilci ya fito. Ciniki daga nesa ciniki ne na rubutu: awon wuya da hannu da tsawo, sunan mai saye, kuɗin da ya bayar, abin da ya rage, ranar aikawa. Ƙungiyar da ba ta da mai rubutu, wani ne zai riƙe mata littafi, wanda ya riƙe littafi kuwa shi ke riƙe da riba. Mata da mazan da suka koyi karatu da lissafi da harshensu su ne ya dace su zama magatakardan wannan aiki.

Kira ga ma'aikata

Ba a neman gomnati ta yi wa kowa ɗinki ko talla. Abin da ake nema kaɗan ne. Hukumomin gari su ba da ɗaki mai wuta inda za a riƙa ɗaukar nunin. Cibiyoyin koyon sana'a su ƙara darasin ɗaukar hoto da riƙe littafin ciniki a kan darasin keke da almakashi. Ma'aikatar da ke kula da sana'o'in hannu ta keɓe wa gundumomin da tafiya ke yi musu wuya rumfa mai allo a kowane bajekoli na ƙasa. Kamfanonin waya kuma su gyara layinsu, domin nunin da ke yankewa kowane minti ba ya riƙe mai kallo.

Intanet ba za ta maye gurbin kasuwa ba, ba kuma za ta gyara ɗinkin da ya karkace ba. Hanya ce kawai, kuma hanya ba ta da amfani sai da kaya masu kyau da mutane masu amana. Ƙasar Kurfai tana da su duka biyu. In an haɗa kai, aka nuna aiki da gaskiya, aka rubuta ciniki, saurayin da ke shirin rufe kekensa zai sami dalilin zama gida. Allah ya kawo zaman lafiya, ya sa albarka a sana'a.