Baƙinmu na Hunturu: Mu Ɗauke Su Hoto, Mu Kama Sunayensu

Kafin in shiga batu bari in fara da neman afuwa. Ni Bakambare ne daga Salka, ta ƙaramar hukumar Magama a masarautar Kontagora, kuma Hausa a kasuwa da makaranta na koye ta. Idan an ga tuntuɓen alƙalami, to kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abin kunya da ya same mu a aji. Malaminmu ya ce kowa ya rubuta sunayen tsuntsaye ashirin da Hausa cikin minti goma. Mafi yawanmu ba mu wuce goma ba, kuma kaza da zabo da tattabara da agwagwa suka cinye rabin jerin. Ni kuwa da na rubuta sunan babbar tsuntsuwar nan ta fadama sai na sa mata ƙugiya, na rubuta ɗinya. Malam ya yi dariya ya ce, "Ɗan Salka, taka tsuntsuwar a kan bishiya take nuna?" A ranar na san cewa dinya tsuntsuwa ce, ɗinya kuwa itaciya. Amma abin da ya fi damuna shi ne 'yan Kano da Katsina da ke dariya tare da Malam, su ma da yawansu ba su taɓa ganin dinyar ba.

Bayan 'yan kwanaki na ci karo da wasu hotunan agwagin daji da aka ɗauka can ƙurewar arewacin duniya, a filayen da masana ke kira tundura. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya wadda ba bishiya, ta ratsa arewacin Rasha da Kanada da Alaska. Ƙarƙashinta daskararre ne shekara da shekaru, sai dai idan lokacin ɗuminsu ya zo, wajen watan Yuni da Yuli, ƙanƙarar sama ta narke, ko'ina ya zama kududdufai da ciyawa da sauro. A wannan lokaci rana takan yi makonni ba ta faɗi ba. Tsuntsayen ruwa sukan taru su yi sheƙa a ƙasa, su ƙyanƙyashe, su yi renon 'ya'yansu da gaggawa kafin sanyi ya dawo. Masu ɗaukar hoto kan biya kuɗi masu yawa su je can, su kwanta rub da ciki a cikin laka sa'o'i, don kawai su sami hoton agwagwa guda a kan ƙwanta.

Ina kallon hotunan sai na tsaya a kan ɗaya. Namijin agwagwa ne mai kai ruwan ƙasa, da farin layi da ya hau gefen wuyansa, da doguwar wutsiya mai tsini kamar tsinke. Masu Ingilishi na kiransa pintail. Wallahi na san wannan tsuntsu. Na gan shi ina yaro a hannun kawuna, wanda kan je farauta bakin tafkin Kainji da hunturu, an ɗaure masa ƙafa za a fige shi.

Ga yadda abin yake. Idan sanyi ya kama arewa, ruwa ya daskare, abinci ya ƙare, sai waɗannan tsuntsaye su yi kudu. Waɗanda suka taso daga arewacin Turai da yammacin Sibiriya sukan ƙetare Bahar Rum, su ƙetare hamadar Sahara, tafiyar dubban kilomita, su sauka a fadamun Afirka ta Yamma daga wajen watan Oktoba. Manyan masaukansu su ne fadamar kogin Neja a Mali, da bakin kogin Senegal, da tafkin Chadi, da fadamar Haɗejiya da Nguru. Sukan zauna da mu duk tsawon hunturu, sai wajen Maris ko Afrilu su juya gida. Akwai kuma wata 'yar ƙaramar agwagwa mai farin layi a saman ido da ke zuwa garke-garke, da wani tsuntsu mai dogayen ƙafafu da ke tsintar shinkafa a gonakin fadama. Shi wannan na ƙarshe, idan namijinsa ya koma arewa yakan fitar da wani tulin gashi a wuya kamar mai naɗa rawani, amma a wurinmu cikin tufafin aiki yake zuwa. Wato wanda ya ɗauke shi hoto a tundura rabin labarinsa ya samu. Ɗaya rabin yana bayan gidanmu, kuma ba mu ɗauka ba.

Duniya ta daɗe da sanin darajar fadamunmu. A 1971 aka ƙulla yarjejeniyar kare fadamu a garin Ramsar na ƙasar Iran. Tafkin Nguru ne wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerinta, a shekarar 2000. A 2008 aka ƙara wasu, ciki har da tafkin Dagona na jihar Yobe, da tsibiran Foge da ke cikin tafkin Kainji, a shiyyarmu. Tun a 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya taka har Dagona don ganin tsuntsayen. To mu da muke karatun harshen mutanen da ke zaune a bakin ruwan, me muka rubuta?

A nawa ra'ayin, wannan aiki ne na ɗaliban harshe, ba na masana dabbobi kaɗai ba. Dalilina shi ne: masanin tsuntsaye zai ƙirga su, ya sa masu zobe a ƙafa, ya rubuta sunansu na Latin. Amma sunan da Basarke ke kiran tsuntsu da shi a Yawuri, ko maharbi a Haɗejiya, da karin maganar da aka yi da shi, da waƙar yara, da camfin da ke kansa, wannan namu ne, kuma idan ba mu kwashe ba babu mai kwashewa. Dubi shamuwa, wadda dawowarta ke shaida wa manomi damina ta kusa. Dubi kirinjijiya da gauraka da zalɓe da balbela da kwasakwasa. Kowane suna da iliminsa a bayansa. Wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934 zai tarar da sunayen tsuntsaye da yawa waɗanda ba mu ƙara ji a bakin samari. Dalziel ya tattara sunayen itatuwa da tsirrai na Hausa tun 1916. Su baƙi ne, sun yi nasu. Namu fa?

Me ya kawo hoto cikin maganar? Saboda suna ba tare da hoto ba gardama yake haifarwa. Tsoho zai ce maka "wata agwagwa ce mai ɗan ja-ja", kai kuma ka rubuta "wani irin tsuntsun ruwa" ka wuce, kamar yadda muke yawan yi a kundayenmu na kammala digiri. Amma idan ka nuna masa hoto a waya ya ce sunansa kaza, ka kai hoton wani gari aka ba ka wani suna, ka samu karin harshe biyu a kan tsuntsu ɗaya, da hujja a hannu. Gani ya kori ji. Ga mu kuma masu harsuna biyu, ribar ninki ce. Kawuna ya san sunan wannan agwagwa mai wutsiya da Kambarci da Hausa. Ya rasu ban tambaye shi ba, kuma har yau abin na ci mini rai.

Na san za a yi mini raddi. Wani zai ce mutanen da 'yan bindiga suka hana noma, ina su ina hoton agwagwa? Gaskiya ne, kuma mu mutanen ƙasar Kontagora ba labari aka ba mu ba. Ban ce kowa ya shiga daji ya sayar da ransa ba. Amma tsofaffin maharba da masunta da yawa rashin tsaron ya koro su cikin gari, kuma idan mutum ya rabu da bakin ruwa, kalmomin bakin ruwa su ne farkon abin da 'ya'yansa za su rasa. Wannan dalili ne na yin sauri, ba na jinkiri ba.

Wani zai ce tsuntsayen nan ɓarayin shinkafa ne, kuma nama ne ga talaka. Ban musa ba, ni ma na ci. Sai dai abin da ya fi yi masu barazana shi ne ƙafewar fadama, ba bindigar maharbi guda ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamar Haɗejiya da Nguru ta ragu, kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa. Abin da ya kori agwagwa shi ya kori kifi da shinkafa da makiyaya. Saboda haka manomi da tsuntsu a jirgi ɗaya suke.

Wani kuma zai tuna murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a Nijeriya a wata gonar kaji da ke Jaji ta jihar Kaduna a watan Fabrairun 2006. To ai mai ɗaukar hoto daga nesa yake tsayawa, shi ya fi mai figa tsira. Doka ɗaya ce: kada a taɓa mataccen tsuntsu.

Saura maganar kayan aiki. Ba mu da manyan kyamarori, amma kusan kowannenmu na da waya a aljihu. A fita da sanyin safiya, a ba rana baya, a sa tufafi marasa haske, a zauna shiru kusa da ciyawa. Idan tsuntsun ya yi nisa, a ɗauki kukansa. Sannan a rubuta rana da gari da sunan da aka bayar da harshen mai bayarwa, a kuma ɗauki muryarsa don a kama karin sauti da tsawon wasali. A nemi izinin mai gona da Sarkin Ruwa, domin da ɗan gari akan ci gari.

Daga ƙarshe, ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu da su ware shafi ɗaya a wannan mujalla, kowace fitowa a sa hoton tsuntsu guda da sunayensa daga garuruwa daban-daban. Ina kuma roƙon malamanmu su karɓi irin wannan a matsayin batun kundi. Mu talatin da wani abu ne a ajinmu. Idan kowa ya dawo hutun hunturu da suna biyar, mun fara ƙamus. Ni na yi alkawarin kawo nawa daga Salka da Auna, kuma wannan karon zan duba ƙugiya kafin in miƙa. Allah ya sa mu dace, amin.